Ƙarar kwamfireson na'urar sanyaya gida ta yi yawa: shin lallai sai an sauya shi?

Baban Fatima

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin na'urorin sanyaya gida, musamman babbar nan wadda injinta ɗaya yake zaune a waje, sanyin kuma yana bi ta manyan bututun iska zuwa dukan ɗakuna. Tamu ta kusa shekara tara da sakawa. A farantin da ke maƙale a gefenta an rubuta cewa tana aiki da gas R-410A da wuta bolt 230, ƙarfin sanyayawarta kuma tan 3 ne. Tun da aka saka ta ba mu san ta da wata ƙara ba, in ban da hucin fanka da ɗan gurnani mai laushi wanda ba a jin sa idan an rufe taga.

A 'yan kwanakin nan al'amarin ya canza. Duk lokacin da za ta tashi, musamman tashin farko bayan ta daɗe a kashe, sai a ji ƙwal-ƙwal-ƙwal mai ƙarfi daga cikin injin waje, kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani, na 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta lafa. Bayan ta lafa ɗin ma ba ta komawa yadda muka saba, domin gurnanin ya yi kauri har ana jin sa a bangon ɗakin kwana, kuma a daidai lokacin tashin fitilun gidan sukan ɗan dushe. Sanyin ya ragu, iskar da ke fitowa a ɗakuna ba ta da ƙarfi kamar da, injin kuma yana daɗewa yana aiki kafin ya huta.

Na kira wani mai gyara. Ya tsaya kusa da injin ya saurara, bai kwance murfi ba, bai ɗora mita ba, ya ce kwamfireso, wato injin da ke matsa gas ɗin, ya gama aiki, a sayi sabo kawai. Ban ƙi maganarsa ba, amma zuciyata ba ta natsu da hukuncin da aka yanke da kunne kaɗai ba, alhali kwamfireso shi ne abu mafi tsada a na'urar. Ya kamata in ambaci cewa a bara wani mai gyaran daban ya ƙara mata gas saboda sanyi ya ɗan ja baya, kuma ban ga ya auna nauyin abin da ya zuba ba.

Abin da nake son sani shi ne ko irin wannan ƙara ta isa hujjar cewa kwamfireso ya mutu, ko akwai haɗari in muka ci gaba da kunna ta a haka, da kuma abin da mai gida zai iya dubawa da kansa ba tare da ya jefa kansa cikin haɗari ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Makaniki

Wa alaikumus salam, Malam Baban Fatima. Zan fara da tambayarka ta biyu domin ita ce ta gaggawa: ka kashe na'urar daga ma'aunin zafin da ke bango, ka bar ta a kashe har a yi mata awo. Ƙarar bugawa a lokacin tashi ba abar da ake haƙuri da ita ba ce, domin kowane tashi yana ƙara wa kwamfireso rauni, kuma abin da yau zai gyaru da ƙaramin aiki zai iya zama babba nan da ɗan lokaci.

Game da hukuncin mai gyaran nan kuwa, ba zan ce ya yi ƙarya ba, amma ya yi gaggawa. A cikin akwatin nan na waje ba kwamfireso kaɗai ne ke iya yin ƙara ba. Akwai fanka da motarta, akwai kafasito mai taimaka wa mota tashi da juyawa, akwai kwantakta mai haɗa wuta, akwai bututun jan ƙarfe, akwai murafe da sukurorinsu. Kuma ko da ƙarar daga kwamfireso take fitowa, sau da yawa shi ne wanda aka cutar, ba shi ne mai laifin ba. Idan aka sauya shi ba a gano abin da ya cutar da shi ba, sabon ma hanyar tsohon zai bi.

Abu biyu muke saurara a wannan sana'a, wato irin ƙarar da kuma lokacin da take zuwa. Idan aka ji gurnani mai nauyi na 'yan daƙiƙoƙi, kwamfireso bai juya ba, sannan aka ji ƙas ya yi shiru, to yana ƙoƙarin tashi ne ya kasa, makullin kariyar da ke cikinsa ya yanke wuta saboda zafi, kuma galibi kafasito ne ko raunin wuta. Idan ƙarar tsuwa ce siririya mai tsinka kunne, a yi zaton matsin gas ya hau fiye da kima har bawul ɗin kariya na cikin kwamfireso ya buɗe, wanda kan faru idan fankar waje ta tsaya ko kuma datti ya toshe kwayil ɗin waje, wato lanƙwasassun bututun gas da iskar fanka ke ratsawa. Irin wannan a kashe nan take. Ƙarar gugar ƙarfe da ƙarfe wadda ke tafiya daidai da juyin fanka, wannan galibi boris ɗin motar fanka ne. Bugawa kuwa wadda ba ta tsayawa daga tashi har kashewa, ita ce mummunar alama, domin tana nuna wani abu ya karye a ciki, ko sifirin ɗin da motar take rataye a kai, ko sandar fistin. Da yake kwamfireson gida a rufe yake da walda, ba a buɗe shi a gyara, sai dai sauyi.

Taka ba ta yi kama da wannan ta ƙarshe ba. Ka ce ƙwal-ƙwal ɗin na 'yan daƙiƙoƙi ne, ya fi tsanani bayan na'urar ta daɗe a kashe, sannan ya lafa. Abin da wannan ya fi nunawa shi ne ruwan gas yana shiga kwamfireso. Bari in yi bayani, domin nan ne jigon maganar.

An ƙera kwamfireso ne don ya matsa tururi. Gas ɗin yana barin injin waje yana ruwa, ya je kwayil ɗin cikin gida, iskar ɗakuna mai ɗumi ta ratsa kwayil ɗin, ruwan ya tafasa ya zama tururi, sannan ya dawo ta bututu mai kauri zuwa kwamfireso. Tururi yana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ruwa ya iso wurin da fistin ko nannaɗaɗɗun faifai (ya danganta da irin kwamfireson) suke matsawa, sai ya zama ƙarfe yana dukan abin da ba zai ja baya ba, wannan dukan ne kake ji. Ban da haka, ruwan gas yana gauraya da man da ke ƙasan kwamfireso ya tsinka shi, a lokacin tashi kuma matsi ya faɗi farat ɗaya, man ya yi kumfa ya fice tare da gas, boris ya yi ta juyawa ba isasshen mai. Ɓarnar da ba a ji da kunne ke nan, kuma ita ce ta fi kashe kwamfireso.

Hanyoyin da ruwan ke isa can sanannu ne, kuma a bayaninka na ga alamun biyu daga ciki. Ta farko ita ce ƙarancin iska a kan kwayil ɗin ciki, ko saboda filta ta toshe, ko kwayil ɗin ya cika da ƙura, ko fankar ciki ta yi rauni. Idan iska ba ta isa ba, babu zafin da zai tafasa gas ɗin, sai ya dawo yana ruwa, kwayil ɗin ma har ƙanƙara yakan yi. Ka ce iskar ɗakuna ta rage ƙarfi, wannan ya sa na fi zargin nan. Ta biyu ita ce gas da aka zuba fiye da kima, ga shi kuwa ka ce an ƙara a bara ba tare da awo ba. Gas ɗin na'ura ba ya ƙarewa da aiki, a rufaffiyar hanya yake zagayawa, idan ya ragu to akwai inda yake yoyo. Mai yiwuwa ma tun a bara matsalar ta iska ce, aka ɗauka ƙarancin gas ne aka ƙara. Ta uku kuma, idan na'ura ta daɗe a kashe, gas yakan lallaɓa zuwa wuri mafi sanyi ya narke cikin man kwamfireso. Don haka ne ake ɗaura wa wasu wata hita siririya a ƙugu, wadda ke ɗumama man yayin da injin yake hutawa. Idan ta mutu, ko kuma ana kashe bireka gaba ɗaya da dare, tashin safe yakan zo da bugawa.

Abin da za ka iya dubawa da kanka ba shi da yawa, amma yana da amfani. Ka zare filtar iska ka ɗaga ta ga haske, idan haske ba ya ratsa ta, ta toshe. Ka duba ko an rufe ƙofofin iska na ɗakuna da yawa, ko an jingine kaya a bakin inda iska ke komawa. Ka tuna ko ka taɓa ganin ƙanƙara a jikin bututu mai kauri kusa da injin waje. Sannan, bayan ka kashe bireka, ka leƙa ta saman ragar fanka da tocila, ka ga ko akwai ganye ko itace a ciki, ka kuma kalli robobin da ƙafafun kwamfireso suke zaune a kai. Iyakarka ke nan, kada ka kwance murfin wajen wayoyi.

Maman Sadiq

Baban Fatima, sannu da fama. Ni ba ma'abociyar wannan sana'a ba ce, amma mun taɓa samun gurnanin da ke ratsa bango irin wanda ka kwatanta, kuma ina ganin abin da muka gano zai iya yi maka amfani. Namu ba ya bugawa a tashi, gurnani ne kawai wanda ya fi damunmu da dare, har gilashin taga yakan yi karkarwa. Da gwani ya zo, sai ya sa aka kunna na'urar, ya riƙa dafa sassan akwatin da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya. Da ya riƙe bututun jan ƙarfe a daidai inda ya shiga bango, sai ƙarar cikin gida ta ragu nan da nan. Ashe soson da ke naɗe da bututun ya ruɓe da rana, bututun yana taɓa siminti kai tsaye, girgizar kwamfireso tana bi ta jikinsa ta shiga ginin. Ya sake naɗe shi, ya cusa abu mai laushi a ramin bangon, ya ɗaure sukurorin murfi guda biyu da suka saki, ya kuma gyara zaman injin domin dandamalin da yake kai ya ɗan karkata.

Ban ce taka matsalar ke nan ba, tun da Baba Tsohon Makaniki ya nuna cewa bugawar tashi wani abu ne daban. Amma ina ganin ƙara biyu ce kake ji, kuma ba lallai ne asalinsu ya zama ɗaya ba. Ka sa a duba wannan ma idan gwani ya zo.

Injiniyan Lantarki

Na karanta bayanin Baba Tsohon Makaniki kuma na yarda da shi a kan ruwan gas, sai dai akwai wata magana a tambayar da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta ba, wato dushewar fitilu da kaurin gurnani. Waɗannan biyun sun fi karkata ga ɓangaren wuta.

Malam Baban Fatima, idan ka sake duba farantin nan za ka ga lambobi biyu, ɗaya an rubuta RLA ɗaya kuma LRA. Ta farko ita ce amfiya, wato yawan wutar da aka ƙayyade wa kwamfireso ya ja yana cikin aiki, ta biyu kuma ita ce wadda yake ja a daidai lokacin da wuta ta shiga amma bai fara juyawa ba, kuma takan ninka ta farko kusan sau 5 ko 6. A lafiyayyar na'ura wannan jan ba ya kai daƙiƙa guda, shi ya sa ba a cika lura da shi ba. Idan tashin ya yi nauyi, jan yana daɗewa, fitilu su dushe a fili, wayoyin cikin motar kuma su yi zafi.

Motar kwamfireson gida mai layin wuta ɗaya ba ta iya aiki daidai sai da kafasito. Shi ne wani gwangwanin alminiyam da ke cikin ɓangaren wayoyi, yawanci da ƙafafu uku a kansa masu alamar C da FAN da HERM, domin yana yi wa fanka da kwamfireso aiki tare. A jikinsa ana rubuta ƙarfinsa, misali maikurofarad 45/5 da bolt 370 ko 440, da kuma iyakar sassaucin da aka yarda da shi, galibi kashi 5 ko 6 cikin ɗari. Zafi da shekaru suna cin sa a hankali, kuma na'urar da ta kai shekara tara ba abin mamaki ba ne nata ya raunana. Wani yakan kumbura a sama ko ya zubar da mai, wani kuwa a ido lafiya lau amma mita ta nuna ya faɗi. Idan ya raunana, motar tana tashi da ƙyar, tana jan amfiya fiye da kima, tana zafi, muryarta kuma tana kauri.

Ina jaddada gargaɗin da aka yi maka: kafasito yana iya riƙe wuta a cikinsa ko bayan an kashe bireka, kuma wutar ta isa ta ji wa mutum mummunan rauni. Wanda ya san yadda ake sauke cajinsa ne kaɗai zai taɓa shi.

Kusa da shi akwai kwantakta, makullin da siginar bolt 24 daga ma'aunin bango ke jawowa don ya haɗa babbar wuta. Idan bakinsa ya ƙone ya yi ramuka, ko ƙwari sun shiga tsakani, yakan yi zizar da ake ji daga nesa, wani lokaci ya riƙa haɗawa yana saki da sauri, kat-kat-kat, wanda mai saurare daga waje zai iya ɗauka daga kwamfireso ne. Sai kuma ƙarfin wutar kanta. Ƙa'ida ita ce kada ta kauce wa abin da ke farantin da fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma a auna ta a lokacin da injin yake tashi, ba yana hutawa ba, domin waya da ta yi siriri ko mahaɗin da ya saki ba sa nuna kansu sai an ɗora musu nauyi.

Ƙarin bayani ɗaya ga mai kwamfireso irin na nannaɗaɗɗun faifai, wanda masu sana'a ke kira sukurol. Idan wuta ta ƙifta ta dawo nan take yana cikin aiki, yakan iya juyawa da baya, ya yi ƙara mai muni ba tare da sanyi ba, har sai makullin kariya ya yanke shi. Maganinsa shi ne jinkirin kamar minti 5 kafin sake tashi, wanda yawancin ma'aunan bango na zamani suna da shi. Haka nan ɗan gurnanin da irin wannan kwamfireso ke yi na daƙiƙa ɗaya ko biyu a lokacin kashewa ba matsala ba ne, matsin gas ne ke daidaita.

Idan an sauya kafasito kuma tashin bai yi sauƙi ba, akwai ƙarin kafasiton tashi mai haɗe da rile (makullin da ke cire shi da zarar motar ta tashi) wanda ake sakawa don ya ba motar ƙarfi a daƙiƙar farko. Ina ganin ya dace a yi tunaninsa.

Baban Fatima

Na gode ƙwarai, Baba, da Hajiya Maman Sadiq, da Injiniya. Na kashe na'urar kamar yadda aka ce, na kuma duba abin da aka ba ni izini. Filtar ta toshe sosai, ƙura ta yi mata kauri har ta lanƙwasa zuwa ciki saboda jan fanka. Da na tambayi iyali, sai suka ce sun sha ganin fari-fari kamar ƙanƙara a jikin bututu mai kauri da yamma, da ruwa yana ɗiga a ƙasansa. Da na haska tocila kuma na ga ɗaya daga cikin robobin ƙafafun kwamfireso ta tsage ta zauna, injin ya ɗan jingina gefe guda.

Na samo wani gwani daban wanda ya zo da kayan awo. Ya ce kwamfiresona sukurol ne. Kafasiton an rubuta 45/5, amma ɓangaren kwamfireso ya nuna 36 a mita. Ya auna wayoyin motar guda uku ya ce lissafinsu ya yi daidai, kuma babu wuta da ke zuba a jikin ƙarfen. Hitar ƙugu tana nan amma ta mutu. Ya sauya kafasito da filta, ya bar ƙanƙarar ta narke, sannan ya kunna. Fitilu ba su dushe ba, gurnanin ya ragu sosai, bugawar tashi ta ragu amma ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Ya ce matsin gas ɗin ya fi yadda ya kamata, kuma zai dawo da sikeli da silinda ya rage, tare da sabuwar hita da robobi.

Tambayata yanzu ita ce ko in sa ya ƙara wancan kafasiton tashin da Injiniya ya ambata, da kuma yadda zan gane ko kwamfireson ya riga ya ji raunin da ba zai daɗe ba.

Tsohon Makaniki

Madalla, Malam, wannan gwanin ya yi aiki yadda ake yi. Kafasito mai 45 da ya sauko 36 ya rasa kashi 20 cikin ɗari na ƙarfinsa, don haka Injiniya ya yi gaskiya a kan dushewar fitilu. Amma a kan ƙarin kafasiton tashi, da izininsa, ina da ja. Abu ne mai amfani a wurinsa, misali inda bututun suka yi tsawo, ko wuta take da rauni, ko bawul ɗin kwayil ɗin ciki ba ya barin matsi ya daidaita bayan kashewa. A halin da kake ciki kuwa, inda ake zargin ruwa a cikin kwamfireso, ƙara wa motar ƙarfin tashi yana nufin ta daki ruwan da ƙarfi fiye da da. Tun da fitilu sun daina dushewa da sabon kafasito, ka bar wannan tukuna. Idan an gama gyaran gas da hita aka auna amfiyar tashi aka ga har yanzu da nauyi, sai a dawo kan maganar.

Idan ya dawo, ka roƙe shi ya fara duba kwayil ɗin ciki da fankarsa kafin ya taɓa gas, domin filtar da ta lanƙwasa ta bar ƙura ta wuce ta gefe, kuma matsin da aka auna a kan kwayil mai datti ba abin dogaro ba ne. Ya wanke na wajen ma. Bayan iska ta daidaita ne za a san gaskiyar yawan gas. Kada a rage shi da kallon agogon matsi kaɗai. A auna zafin bututu mai kauri a gwada da zafin tafasar gas a wannan matsin, bambancin shi ne ke tabbatar da cewa tururi ne zalla ke isa kwamfireso; idan bambancin ya kusa sifili, ruwa yana tahowa. A yi irin wannan awon a siririn bututu ma, wato wanda ke kai ruwan gas daga injin waje zuwa kwayil ɗin ciki, a bi adadin da kamfanin ya rubuta a farantin ko a takardar cikin murfi. Na ji daɗi da ka ce zai zo da silinda, domin ba a sakin wannan gas a iska. Bayan an saka sabuwar hita, a bar bireka a kunne na'urar kuma a kashe daga bango na tsawon sa'o'i, kamfanoni kan ce 12 zuwa 24, kafin tashin farko, kuma daga yau a riƙa kashewa daga bango ba daga bireka ba, don hitar ta samu wuta.

Batun rauni kuwa, sukurol ya fi mai fistin jure ɗan ruwa, domin faifansa suna iya ɗan rabuwa su ba shi hanya, wannan yana cikin abin da ya sa nake kyautata zato. Amma jurewar ba ta hana man tsinkewa, kuma ba a ganin boris daga waje. Abin da zai nuna maka shi ne awo bayan an gama komai. Amfiyar aiki ta tsaya ƙasa da RLA ba tare da hawa da sauka ba. Bambancin zafin iskar da ke shiga da wadda ke fitowa ya kai kamar digiri 8 zuwa 11 a ma'aunin Salsiyas. Zafin bututun da ke fita daga kwamfireso, a tazarar santimita 15 daga jikinsa, kada ya haura digiri 107. Idan waɗannan sun daidaita kuma bugawar ta tafi, ka ci gaba da amfani da shi, kana duba filta kowane wata.

Idan kuwa bayan duk wannan bugawar ta zauna, ko ta koma ƙarar guga da ba ta tsayawa, to maganar mai gyaran farko ta tabbata, sai dai yanzu an san dalili. A lokacin ka fara duba takardar garanti, domin kamfanoni da yawa suna ba kwamfireso shekara 5 zuwa 10, kuma taka ba ta cika goma ba. Wanda zai yi sauyin ya gwada man ko ya yi tsami, ya saka sabuwar matatar danshi a siririn bututu, ya riƙa hura naitirojin a ciki yayin walda, ya zuƙe iskar da ke cikin bututun har ma'aunin zuƙewar ya sauka zuwa maikuron 500, sannan ya zuba gas da sikeli. Man da ke tafiya da R-410A yana shan danshi da sauri, saboda haka kada a bar bututun a buɗe ana jiran kaya. Ka dawo mana da lambobin da ya samu bayan ya rage gas ɗin, musamman amfiyar aiki da zafin bututu mai kauri.